Lahadi a bakin ƙofar majami'a

Rabin wa'azin yau ya wuce ni, hankalina yana bakin ƙofa.

Samarin tsaro suna duba masu shiga da na'urar nan mai ƙara. Ba laifi, zamani ne ya kawo. Ni ko jakata ba su buɗe ba, sai "sannu Mama" kawai. A bayana ga yaron nan Bafulatani da aka yi wa baftisma bara. Suka tsayar da shi, suka lalube aljihunsa, suka sa ya cire hula, ɗayansu har da tambayar wa ya gayyato shi. Yaron da danginsa suka juya wa baya saboda bangaskiyar nan! Da ya samu benci ya zauna, wata dattijuwa ta zumuntarmu ta ja jakarta ta matsa can ƙarshe.

Bayan an tashi na tare ta. Ta ce, "Ɗiyata, ba ki san su ba. Ƙanena har yau ba mu ga gawarsa ba." Zafinta gaskiya ne, ban yi mata musu ba. Amma ba wannan yaron ya ɗauke ƙanenta ba, kuma ƙoƙo ɗaya suke sha ranar jibin Ubangiji.

Da yamma, ba wuta, ga zafin Sakkwato, muka fito tsakar gida na ba Baban yara labari. Shi da yake malamin tarihi ne, sai ya ɗauko Bishop Ajayi Crowther. An naɗa shi a Kantabari ta Ingila a 1864, baƙar fata na farko da ya zama bishop a Angalika. A 1890 wasu samarin mishan Turawa suka zauna a Onica suka dakatar da fastocinsa a gaban idonsa, har da ɗansa na cikinsa. Tsohon ya rasu ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Abin da ya fi ba ni mamaki, cikin samarin akwai waɗanda ƙasar Hausa suka nufo da bishara, har suna sa manyan riguna a Lokoja don su yi kama da mu. Sun so baƙar fatar da ba su kai gare ta ba, sun raina wadda ke tebur ɗaya da su.

Na ce masa ya bar Turawa su huta, labarinsu daɗin ba da shi gare mu don mu aka zalunta. Ahiara fa, dayosis ɗin Katolika da ke yankin Mbaise a jihar Imo? A 2012 aka naɗa musu Bishop Peter Okpaleke, Ibo ɗan'uwansu, limamai suka ce ba ɗan Mbaise ba ne. Fafaroma Francis ya ba su kwana 30 a 2017 su rubuto takardar neman gafara, duk da haka mutumin ya ajiye kujerar a 2018. Can ko bambancin fata babu, ko na harshe. Manzo Bulus kuwa a gaban jama'a ya tsawata wa Bitrus a Antakiya, kan janye jiki daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba.

Baban yara ya ce mu gayyaci yaron cin tuwo Lahadi mai zuwa. Na yarda, amma tuwo ba zai gyara ƙofa ba. Ranar Laraba zan sami dattawan ikilisiya: ko a lalube kowa, har da ni da fasto, ko a bar yaron ya wuce kamar kowa. Ya ce zan tayar da ƙura. Na ce ya nemo mini lambar sakatare.