Yadda muke koyar da ninkawa a 'yar cibiyarmu

Sana'ata koyar da lissafi ce ga yaran firamare bayan an tashi makaranta. Ina da 'yar cibiya da malamai kaɗan, kuma mafi yawan yaran da ake kawo mana matsalarsu ɗaya ce: sun haddace jadawalin ninkawa, amma da zarar lambobi sun zama biyu-biyu sai kai ya ɗaure. Yaro zai sa sifili a layi na biyu don an ce ya sa, bai san aikin da sifilin yake yi ba.

Shi ya sa ba ma farawa da hanyar da aka saba. Muna farawa da hanyar akwati. A ce 23 sau 14. Yaro ya fasa 23 ta zama 20 da 3, ya fasa 14 ta zama 10 da 4, ya zana akwati mai gida huɗu. Gidajen su ba shi 200, 80, 30 da 12, ya tara ya sami 322. A nan yake gani da idonsa cewa 1 ɗin da ke cikin 14 goma ce, daga nan sifilin ya fito. Mun fi daɗewa a kan wannan mataki fiye da kowanne, kuma duk sabon malami sai ya koyar da shi a gabana kafin in ba shi aji, domin da yawa sun iya samo amsa amma bayanin dalili yana ba su wuya.

Ga yaron da bai gama haddar jadawali ba, muna kawo hanyar Misirawan dā, wadda ke cikin takardar Rhind, wata tsohuwar takardar lissafi ta Masar da aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Ruɓanyawa ce kawai da tarawa. Don samun 13 sau 24, a yi ta ruɓanya 24: 24, 48, 96, 192, wato sau 1, sau 2, sau 4, sau 8. Tunda 13 ita ce 8 da 4 da 1, sai a tara 192 da 96 da 24, amsa 312. Yaron da ke tsoron allo yakan saki jiki idan ya ga ya ci wannan da kansa.

Hanyar raga, inda ake zana gidaje kamar raga a raba kowanne da layi a karkace sannan a tara lambobin a karkace, muna nuna ta ne a gajarce. A kanta ne masanin lissafi John Napier ya gina sandunan lissafinsa a 1617. Tana hana ruɗewa wajen riƙe lamba, amma zanen gidajen yana cin lokaci, kuma ita ma yaro na iya bin ta ba tare da fahimta ba.

Mafi wuyar aikin shi ne iyaye. Uba zai buɗe littafi ya ga akwatuna, ya ce ba haka aka koya masa ba, kuma jarrabawa ba ta jira. Yana da gaskiya, don hanyar da aka saba ta fi sauri, kuma a kanta muke ƙarewa. Nakan ba shi fensir mu yi 23 sau 14 ta hanyoyin biyu, ya ga 92 da 230 ɗinsa su ne 80 da 12, da 200 da 30 na ɗansa. Bayan haka muke roƙonsa ya bar yaron ya riƙa duba aikin gida da hanya ta biyu kafin ya miƙa.