Yadda na gina shafin nema wa karnukan Jos gida

Wata ƙawar yayata likitar dabbobi ce a Jos. A bayan ɗan asibitinta akwai fili da ta kewaye da waya, inda take ajiye karnukan da aka tsinto: wanda mota ta buge a hanyar Bukuru, wanda masu shi suka tashi daga gidan haya suka bar shi ɗaure da sarƙa, da kwiyakwiyan da aka zubar cikin kwali a bakin kwata. Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba ya san jariran nan ba sa kai kwana biyu a waje. Takan yi musu magani, ta yi musu allura, sannan ta rasa inda za ta kai su. Da ta ji ina sana'ar gina shafukan intanet sai ta kira ni ta ce, "Ƙanena, wurin nan ya cika. Ka yi mini abin da mutanen gari za su gani su zo su ɗauka."

Na karɓi aikin da zuciya ɗaya. Tun muna yara ake ba mu hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Da na ga karnukan nan ido da ido, shi ya fara faɗo mini a rai.

Kuskurena na farko kwaikwayo ne. Na buɗe Petfinder, shafin Amurka da ke wannan aiki tun 1996, na ɗauko tsarinsa kusan dukansa: manyan hotuna, zaɓi bisa jinsin kare da shekaru da girma, rajista da imel da lambar sirri, da doguwar takardar tambayoyi. A kan kwamfutata ya yi kyau ƙwarai. Muka sake shi, muka yi makonni ana shiga ana fita, ba wanda ya cike takardar har ƙarshe.

Da ɗan gari akan ci gari. Sai na ajiye kwamfutar, na riƙa bin mutane ina roƙonsu su buɗe shafin a wayarsu ina tsaye ina kallo, ban ce musu komai ba. Mai shagon unguwarmu ya buɗe a 'yar Itel ɗinsa, hoton farko ya tsaya rabi, ya jira kaɗan ya ce datarsa za ta ƙare, ya rufe. Yana da gaskiya. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabayit uku ko huɗu, ni kuma na jera goma sha biyu a fuskar farko. Na koma na matse kowane hoto zuwa WebP, wani tsarin ajiye hoto mara nauyi, ƙasa da kilobayit 100, na kuma sa kada hoto ya sauko sai mai dubawa ya gangaro kansa. Rajista ma na cire ta gaba ɗaya, domin da yawa daga waɗanda na gwada da su suna da imel ne kawai saboda wanda ya saita musu waya ya buɗe musu, ba su ma san lambar sirrinsa ba. A madadinta na sa maɓalli guda a ƙarƙashin kowane kare, kana taɓawa ya kai ka WhatsApp da saƙo a rubuce ɗauke da lambar karen.

Wannan duk gyaran hannu ne, kowane mai sana'ar zai iya. Abin da ya fi koya mini hankali ya fito ne daga bakin wata malamar firamare da ta yi ritaya, tana zaune a Tudun Wada da jikokinta. Ta daɗe tana kallon jerin zaɓin jinsin karnuka da na yi, Alsatian, Rottweiler, Boerboel, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗana, ni duk waɗannan ban san su ba. Ina da kaji, ina da jikoki uku. Zai bar min kajina? Zai ciji yaro? In ɓarawo ya taɓa ƙofa da dare zai yi haushi? Kuma me yake ci, don ni ba ni da kuɗin abincin buhu." Tambayoyi huɗu, babu ko ɗaya da shafina ya amsa. Kuma kusan duk karnukan da ke hannun Likita na gida ne, ko kuwa ruwa biyu, to me zaɓin jinsi zai amfana?

Na rushe wannan ɓangaren na sake shi da kalmominta. Yanzu a ƙarƙashin kowane hoto za ka ga: ya saba da yara ko bai saba ba, yana bin kaji da awaki ko ba ya bi, yana gadi ko ɗan wasa ne, yana cin tuwo da ragowar abincin gida ko sai na kanti, yana bukatar katanga ko zai iya zama a ƙaramin tsakar gida. Mun yi alkawari da Likita cewa ba za mu ɓoye aibin kare ba. In ya taɓa kai wa wani cafka, mu rubuta. Ta ɗan yi jim da farko, tana gudun kada a ƙi ɗaukarsa, amma karen da aka ɗauka bisa ruɗi cikin mako ake dawo da shi, ko a kore shi titi, wanda ya fi muni.

Sunan abin ma ya ba mu wuya. Na fara rubuta "riƙo", mutane biyu suka ce mini riƙo na ɗan mutum ne, bai dace da kare ba. Na sa "ɗauki kare kyauta", aka ɗauka talla ce. Daga ƙarshe muka tsaya a kan "Ba shi gida". Sai kuma haruffa: salon rubutun da na zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, a wasu wayoyi sai su fito kamar akwati. A shafin da ake maganar kare da karya, ba ka so a rasa bambancinsu da ƙare da ƙarya. Na canza salo, na gwada a tsofaffin wayoyi uku kafin na yarda da shi.

Batun allura kuwa na ɗauke shi daga ƙasan shafi na mai da shi sama, kusa da hoto, da ranar da aka yi ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, nan kusa da mu, inda ake yin rigakafin karnuka, amma mutane da yawa a cikin gari ba su taɓa kai karensu allura ba. Saboda haka na ƙara ɗan gajeren bayani da ke biyo kowane shafi: in kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran gani.

Bayan gyaran nan saƙonni suka fara shigowa, ni kuma na shiga murna, ina ganin duk abin da ya rage shi ne a ƙara sauƙaƙawa. Sai wani mutum ya nemi manyan karnuka uku a tashi ɗaya. Bai tambayi halinsu ba, bai tambayi allura ba, girmansu kawai yake so ya sani da ranar da zai turo mota. Likita ta karanta ta ce, "Wannan ba gida zai kai su ba." A jihar nan akwai kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke, wadda ta yi suna har ana lodi daga can zuwa kudu don nama. Ba ina aibata abincin kowa ba ne, amma karen da aka yi wa jinya wata biyu aka bayar da shi bisa amanar za a kula da shi, sayar da shi cin amana ne. Ni da hannuna na buɗe wannan ƙofar, domin na mai da ɗaukar kare kamar sayen katin waya.

Daga ranar na raba aikin gida biyu. Dubawa da tambaya su zama ba wahala ko kaɗan. Miƙa kare kuwa da gangan muka sa masa matakai: kare ɗaya ga gida ɗaya, a zo a gan shi da ido tare da wani daga cikin iyalin, a biya kuɗin allura da maganin tsutsa da na kaska da aka kashe, wani daga cikinmu ya je ya ga gidan, in na haya ne a ji ta bakin mai gidan, sannan bayan wata guda a turo hoto. Na rubuta matakan ɓaro-ɓaro a fuskar farko don kada wani ya ce an yi masa ba-zata. Masu neman na banza suka ragu da kansu. Masu so da gaske ba su yi ƙorafi ba, malamar Tudun Wada ma cewa ta yi hankalinta ya fi kwanciya da ta ga ana bincike.

Tun da muna karɓar lambar waya da bayanin gidajen mutane, na karanta dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, na taƙaita abin da muke tambaya. A shafi sunan unguwa kawai ake rubutawa, cikakken kwatance sai ranar ziyara, kuma wanda bai ɗauki kare ba muna goge bayanansa.

Abu biyu ne har yanzu suke damuna. Kwiyakwiyai suna tafiya da wuri, tsofaffin karnuka kuwa sai su yi wata da watanni, ko da yake su ne suka fi natsuwa da sanin gida. Na mai da su saman jeri, na ƙara musu gajeren bidiyo na daƙiƙa goma, an ɗan samu canji amma bai kai yadda nake so ba. Na biyun shi ne masu gadi da masu lambu na gefen gari, waɗanda suka fi kowa bukatar kare, da yawansu ba sa karanta boko. Yanzu haka muna naɗar muryar Likita tana bayanin kowane kare da Hausa cikin rabin minti, don a taɓa a saurara. Mun gama guda takwas, saura na wani tsohon kare mai ƙafa uku da ya fi kowa daɗewa a filin.