Ƙosai biyu da abin da yaran makarantar Lahadi suka koya mini

Labarin farko da na rubuta wa yaran makarantar Lahadi a cocinmu, a kudancin Kaduna, na wani yaro ne da ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba ya ƙin aike. Ya tsinci kuɗi a hanya ya mayar wa mai su, Allah ya yi masa albarka. Na kwana biyu ina gyara shi. Ranar Lahadi ina cikin karantawa, yara na ta mutsu-mutsu a kan benci, sai wata 'yar shekara bakwai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi wannan yaron ba ya jin yunwa ne?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Da na koma gida sai kakata ta faɗo mini a rai. Da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa "Ta zo mu ji ta," ba mai sake motsi. Kuma wa take ba mu labarinsa? Gizo, ɓarawo, maƙaryaci, mai kwaɗayin da ko Ƙoƙi matarsa ba ta tsira ba. Ba ta taɓa tsayawa ta ce kada mu yi halinsa ba. Muna ganin yadda dabararsa ke juye masa, ta ce "Ƙurunƙus," a tashi a kwanta.

Abin mamaki, Littafi Mai Tsarkin da nake son koya musu ma haka yake tafiya. Da Sarki Dawuda ya ƙwace matar wani, Annabi Natan bai fara da tsawata masa ba. A 2 Sama'ila sura 12, labari ya kawo masa na wani matalauci mai 'yar tunkiya guda, tana ci daga abincinsa, tana sha a ƙoƙonsa, tana kwana a ƙirjinsa kamar 'yarsa. Sai da ran Dawuda ya ɓaci a kan attajirin da ya yanka ta, sannan Natan ya ce masa shi ne mutumin. A Luka 15 kuma, Yesu ya bar labarin ɗan da ya ɓace a daidai inda uban yake waje yana lallashin babban ɗansa. Ko babban ya shiga bikin dawowar ƙanensa ko bai shiga ba, ba a gaya mana ba.

Sai na sake zama na rubuta wani labarin. Wannan karon yarinya ce aka aika sayo ƙosai. Ƙamshi ya dame ta a hanya, ta buɗe ƙunshin ta cinye biyu, ta goge man a zanenta. Da uwar ta ƙirga, ta ce ai mai ƙosai ce ta rage. Uwar ta ja hannunta suka koma bakin kasko. Tsohuwar mai ƙosan ta dubi man da ke sheƙi a leɓen yarinyar, ta dubi uwar, ta ɗauko ƙosai biyu masu zafi ta ƙara, ba ta ce uffan ba. A nan na tsaya. Ajin ya kacame da gardama: wasu na cewa tsohuwar ta sani, wasu na cewa sai yarinyar ta tona kanta kafin dare. Wani yaro ya yi shiru bai sa baki ba, kuma na san dalili.

Wani dattijon ikilisiya da ya ji labarin bai ji daɗi ba. Ya ce, "Malama, ina ayar? Ina horon?" Yana da tasa gaskiyar, don ba tatsuniya kawai iyaye suka turo 'ya'yansu su ji ba. Yanzu nakan karanta ayar bayan gardama ta lafa, dabam da labarin. Amma cusa wa tsohuwar nan wa'azi a baki, wannan kam na ƙi.

Sauran aikin na kunne ne. Yawancin yaranmu Jju ko Tyap suke ji a gida, Turanci a makaranta, Hausa a coci da kasuwa, don haka manyan kalmomi irin su fansa da tsarkakewa nakan ajiye su, in nuna abin a aikace. Komai na rubuta sai na karanta shi da ƙarfi a tsakar gida, inda numfashina ya yanke in datse jimlar. Nakan kuma sa 'yar waƙa mai amshi, yadda kakata take yi.

Abin da na daɗe ina tsoron taɓawa shi ne baƙin ciki. Akwai yara a ajina da rikici ya taso da iyayensu daga ƙauye. Wata Kirsimeti na rubuta gudun Yusufu da Maryamu da jariri Yesu zuwa Masar, daga Matiyu sura 2, na bar daren da tsoronsa yadda suke, da jaririn da ake toshe wa kuka. Da na gama, wani yaro da tun zuwansa ban taɓa jin muryarsa ba ya matso ya riƙe gefen zanena.

"Malama," ya ce, "sun samu sun tafi da akuyarsu?"