Godiya Bayan Kammala Gasar Hotunanmu ta Bana

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, Allah ya nuna mana ƙarshen gasar hotuna ta bana lafiya. An rataye hotuna, jama'a sun zo sun ba idanunsu abinci, an raba kyaututtuka, an watse ba wanda ya tafi da wani a zuciya. A madadin ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto don sha'awa a nan Kano, ni da aka damƙa wa sakatarci nake miƙa wannan godiya.

Da kwamitin tsara rukunai da dokoki zan fara, tun kafin masu kuɗi da masu masauki, don yabon gwani ya zama dole. Duk wanda ya taɓa shirya gasa irin wannan ya san inda rigima take ɓoyewa: a ce wa mutane kowa ya kawo hotonsa mafi kyau, sannan a ajiye fuskar dattijo kusa da faɗuwar rana a Dala, a ce alƙali ya zaɓi ɗaya. Ko wanne ya ɗauka, sai an ce ya yi son kai. 'Yan kwamitin nan sun zauna dare da rana suna ja-in-ja har suka fito da rukunai biyar, na mutane, na hawan Sallah da al'adu, na birni da gine-gine, na halittun daji, da na baƙi-da-fari, kuma suka rubuta abin da zai shiga kowanne da Hausar da kowa zai gane.

Rukunin daji ne ya fi cin lokacinsu. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk hoton dabba ya shiga, har aka fara turo tantabarun gida da raƙuman kasuwa da zakin gidan zoo. Kwamiti ya bi sawun manyan ƙungiyoyin hoto na duniya irin su FIAP, ya ce dabbar da ake kiwo ko take tsare a keji ba ta daji ba ce. Giwar Yankari ta shiga, tsuntsayen da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru lokacin hunturu sun shiga, doki kuma ya nufi rukunin hawa, inda ya fi kyau da shi. Dattijon da ya jagoranci kwamitin ya tuna mana abin da ya faru a gasar Wildlife Photographer of the Year ta Landan, inda aka ƙwace babbar kyautar 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke tsallake shinge a hoton horarre ne. Baba, mun gode da wannan tsayuwa, Allah ya ƙara girma.

Sai maganar gyaran hoto. An yarda a rage gefe, a ƙara haske, a daidaita launi. Ba a yarda a cire wani abu ko a ƙara wani abu ba a rukunin daji da na hawa da na birni. Na san wannan ya yi wa wasu ciwo, domin babu mai ɗaukar hoto a Kano da wayoyin lantarki ba su taɓa ratsa masa gaban Gidan Makama ko wata ƙofar ganuwa ba, kuma goge su a waya ba ya ɗaukar minti ɗaya. Amma ni ina tare da kwamiti ɗari bisa ɗari. Wayoyin nan suna cikin kamannin birninmu na yau, kuma jikokinmu suna da haƙƙin su ga Kano kamar yadda take. Ko gasar World Press Photo, da take tara ƙwararrun duniya, a 2015 ta fitar da kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce gona da iri. Hoton da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta haɗa kuwa ba a buɗe masa ƙofa ba sam. Mun ga yadda Bajamushe Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar Sony ta 2023 da irin wannan hoto, sannan shi da kansa ya ƙi karɓa. Shi ya sa aka nemi ainihin hoton da ya fito daga kyamara ko waya daga duk wanda ya kai zagayen ƙarshe, kuma aka hana turowa ta WhatsApp kai tsaye, tunda yana matse hoto ya zubar da bayanan da ke jikinsa, sai dai a tura shi a matsayin fayil.

Akwai godiya ta musamman ga wata ƙanwarmu. Ta ɗauko hoton marini a karofin Ƙofar Mata, ta mai da shi baƙi-da-fari, ta bar shuɗin baba kaɗai a hannuwansa. Hoto ne da ke tsayar da mutum. Sai dai doka ta ce da zarar an bar launi a wani sashe, hoto ya fita daga baƙi-da-fari. Da aka gaya mata, ba ta yi musu ba, ta roƙi a mai da shi rukunin mutane, inda gogayya ta fi zafi. Haka su ma 'yan uwa da aka dawo musu da hotuna saboda sun buga sunansu a jiki, alhali alƙalai lamba kawai aka yarda su gani. Sun cire, sun sake turowa, ba guna-guni. Haƙurinku ne ya ba dokokin nan ƙarfi.

Dokar da ta fi kwanta mini a rai ita ce ta neman izini. Ba a karɓi hoton fuskar kowa ba sai da yardarsa. Yaro sai da amincewar iyayensa, almajiri sai da ta malaminsa, kuma hoton da zai tozarta mutum, marar lafiya ne ko mabaraci, ba shi da wuri ko da ya fi kowanne kyau. Mu 'yan gari ne, gobe ma za mu haɗu da mutanen nan a masallaci da kasuwa, wasu ma surukanmu ne. Saboda haka muna gode wa marinan Ƙofar Mata, da dukawa da masu sayar da kayan doki na Kasuwar Kurmi, da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida da suka yarda 'ya'yansu mata 'yan ƙungiya suka shiga da kyamara. Mun yi alkawarin kawo wa kowannenku hotonsa a wanke, kuma za mu cika in sha Allahu.

Alƙalanmu uku, waɗanda da hoto suke ci da iyalinsu, sun bar aikin biki da suna suka zauna mana kyauta. Su ne suka ba da shawarar kada a raba masu waya da masu babbar kyamara, sai dai a raba sababbin shiga da tsofaffin hannu, kuma sakamako ya gaskata su, don hotunan waya sun yi rawar gani sosai. Sun kuma tsaya bayan taro suna yi wa kowa bayanin inda hotonsa ya yi kyau da inda ya gaza.

Hajiya da ta ba mu zauren makarantarta, Alhaji da ya ɗauki nauyin wanke hotuna, matasan da suka kwana suna buga firam da jan wayar janareta, da iyalanmu da suka jure fitar asuba don neman hasken safe, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya albarkaci zuri'a.

Haƙƙin kowane hoto yana hannun wanda ya ɗauke shi, ƙungiya ba za ta ba kowa ba sai da izininsa. Masu hotuna a bango za su iya zuwa su karɓi nasu bayan sallar La'asar ranar Asabar. Wanda kuma yake ganin akwai dokar da ya kamata a gyara kafin baɗi, ya rubuto wa kwamiti kafin zamanmu na wata mai zuwa. Allah ya kai mu da rai da lafiya, amin.