Na juya kofi a Stoke

Jiya na leƙa Stoke-on-Trent, garin tangaran na Ingila. Muna shan shayi sai na ga tsohuwar da ke kusa da ni ta kife farantinta tana duba gindinsa. Ashe al'adar mutanen garin ce, su ga inda aka yi shi. Ni ma na shanye na juya kofina. Indonesiya!

Tsohuwar ta ce wai uwarta fenti take yi wa faranti a Burslem, wani yanki na Stoke, inda kamfanin tangaran na Royal Doulton ya rufe masana'antarsa a 2005, aikin ya koma waje don arhar leburanci. Dogayen murahun gasa tangaran masu siffar kwalba kuwa, 47 suka rage, ba hayaƙi.

Wallahi sai na tuna randar kakata, wadda robar ruwa ta kora bayan ɗaki.