Wasan allo mai taya a kwamfuta: a fara gyara hannu

Wasu masu kukan cewa gem ɗin sket yana da wuya a kwamfuta, da kibod suke bugawa. Maɓallin kibod ko a danne yake ko a sake, alhali daidaita jiki a kan allon yana son motsi kaɗan-kaɗan. A nemi pad, wato na'urar buga gem ta hannu, mai waya ya fi, don Bluetooth kan kawo ɗan jinkiri.

A Tony Hawk's Pro Skater 1+2, wanda ya fito a 2020, minti 2 ake ba ka a kowane zagaye, kuma maki yana taruwa ne idan salo bai yanke ba. Dab da ka sauka daga tsalle, danna sama sannan ƙasa da sauri, allon zai tsaya kan tayoyin baya, lissafi ya ci gaba. Wata 'yar allura za ta bayyana tana lilo. Taɓa ta a hankali, in ka danne da ƙarfi ta zarce ɗaya gefen, ka sha ƙasa, duk makin da ka tara a wannan jerin salo ya tafi. Kuma maimaita salo ɗaya yana rage masa maki.

Session, wani gem ɗin sket, shi kuwa wani abu ne daban: sandar hagu ta pad ƙafar hagu, ta dama ƙafar dama. Sai da haƙuri.

Idan ka danna amma ɗan wasan ya makara, kashe V-Sync (saitin da ke daidaita hoton gem da allon kwamfuta), ka rage saitin inuwa har hoton ya tsaya a firem 60 a daƙiƙa.