Kwana a babban otal a Abuja: kuɗin da ba ya cikin farashin ɗaki

Farashin da ka gani a intanet sau da yawa ba shi ne za ka biya ba. A manyan otal-otal na Abuja, tun daga Transcorp Hilton na Maitama da ke aiki tun 1987 har zuwa sababbin, ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, yawancinsu kuma su ƙara kashi 10 na hidima. A ce ɗaki naira 300,000 ne, to ka tanadi kusan 352,500 kowane dare. Tambayi wannan tun a waya, ka kuma ji ko da karin kumallo a ciki.

Ranar shiga za a riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin ajiya. Ba cire shi aka yi ba, amma ba ka da ikon taɓa shi, kuma banki kan ɗauki kwanaki kafin ya sake shi bayan ka fita. Don haka kada ka miƙa katin da kuɗin motarka ta komawa gida ke ciki. Ɗan firjin da ke ɗaki ma tarko ne: ruwan da aka ajiye kan tebur galibi kyauta ne, na cikin firji kuwa da kuɗi, ninkin na kanti. In akwai giya a ciki, ka ce a kwashe kafin ka shigo da iyali. Ba abin kunya ba ne, sun saba.

Wurin tausa shi ya fi buƙatar shiri. Kama lokaci tun ana gobe, ka faɗi ƙarara cewa namiji kake so ya yi maka, uwargida kuma mace, don in ka yi shiru wanda ke aiki a lokacin za a turo. Ka iso rabin awa kafin lokaci, domin minti goman da ka makara daga lokacinka za a cire. Ɗakin sauna busasshen zafi ne, digiri 80 zuwa 90. Ɗakin tururi bai wuce wajen 45 ba, amma danshinsa kan sa numfashi ya yi nauyi. Minti 10 zuwa 15 sun isa, sai ka fito ka sha ruwa. Cire zobe da sarƙa, ƙarfe na ɗaukar zafi ya ƙona fata. Mai ciwon zuciya ko hawan jini da mai juna biyu su nemi izinin likita tukuna. Mai azumi da wanda ya cika ciki yanzun nan su haƙura, jiri ne zai biyo baya.

A ɗakin cin abincin Turawa, ba naman alade kaɗai ake lura da shi ba. Miyar da ake zuba wa gasasshen nama da wasu kayan zaƙi ana haɗa su da giya, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Tambayi mai kawo abinci, in ya yi inda-inda ya je ya tambayo kuku. Ka ce a gasa naman sosai in ba ka son ganin ja a tsakiya. Wanda kuma ya yi kewar abincin gida, a Transcorp akwai ɗakin cin abinci mai suna Bukka.

Fita yawanci ƙarfe 12 na rana ne. Karɓi lissafinka tun da dare ka bi shi layi-layi, don da safe wurin biyan kuɗi cike yake da masu sauri zuwa filin jirgi.